Manyan Malam-buɗe-littafi na Dare: Ku San Su Kafin Ku Kashe

'Yan'uwa manoma, tun da fitilar hasken rana ta yawaita a gidajenmu, baƙin dare ma sun yawaita. Dā can aci-balbal da fitilar ƙwai ba su da hasken da zai jawo ƙwari daga nesa. Yanzu kuwa da damina ta sauka, aka kunna farar fitila a tsakar gida, sai ka ga bango ya cika da masu fukafukai iri iri. Wani lokaci kuma sai wani ƙato ya faɗo, faɗinsa kamar tafin hannun babban mutum, yana ta bugun fitila. Yara su watse, uwargida ta ɗauko tsintsiya, maigida kuma ya kwana da tunanin ko wannan ne zai cinye masa masara.

A wani taron ƙungiya a ƙasar Bukkuyum wani saurayi ya nuna mana hoto a wayarsa. Ƙwaro ne kore shar, da wutsiya biyu dogaye, da ido a kan kowane fiffike. Ya ce an turo masa ne, an ce sabon ƙwaro ne mai ɓarna. Kafin a tashi har wani ya kawo shawara a cire kuɗi daga asusun ƙungiya a sayi magani. Abin da ya sa aka rubuta wannan bayani ke nan. Kuɗin asusu gumin mutane ne, bai kamata a kashe shi a kan ƙwaron da ba ya cin kome ba, alhali mai ɓarnar na gaskiya yana nan kusa da shi a jikin bango, ba wanda ya kula da shi.

Na rana da na dare

Malam-buɗe-littafi kowa ya san shi. Da rana yake yawo. In ya sauka yakan haɗe fukafukansa sama kamar an rufe littafi, sa'an nan ya buɗe. Ƙahoninsa biyu sirara ne, da ɗan kulli a ƙarshensu kamar kan ashana. Yana da 'yan'uwa masu yawon dare, sun ma fi shi yawa nesa ba kusa ba. Ɗan ƙaramin cikinsu da ke cin tufafi a akwati shi muke kira asu. Sauran kuwa, a nan za mu ce da su malam-buɗe-littafi na dare. Jikinsu ya fi kauri, da gashi-gashi. In sun sauka sukan shimfiɗa fukafukai a bango, ko su kifa su a bayansu kamar jinkar ɗaki. Ƙahoninsu ba kulli, waɗansu kamar zare, waɗansu kamar gashin kaza.

Dukansu hanyar rayuwarsu ɗaya ce. Mace ta yi ƙwai a kan ganye. Ƙwai ya ƙyanƙyashe tsutsa. Tsutsa ta ci ganye ta ƙoshi, tana saɓa fata tana girma. Sa'an nan ta kwanta, ko cikin ƙasa ko cikin wata jaka da ta saƙa wa kanta. Daga wannan kwanci ne mai fukafukai yake fitowa. Ku riƙe wannan da kyau, gama a nan maganar take: in akwai ɓarna, kusan kullum tsutsa ce ke yinta. Kowace irin tsutsa kuma da abincinta. Mai cin ganyen magarya ba ta cin masara ko da yunwa za ta kashe ta.

Koren nan na cikin hoto

Sunansa Luna, watau wata da harshen Latin. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya sa masa wannan suna a shekarar 1758. Gidansa gabashin Amurka ta Arewa ne, daga Fulorida can kudu har cikin Kanada. Ba ya zama a Najeriya, ba ya zama a ko'ina cikin Afirka. Mutanen can suna ƙaunarsa ƙwarai, har gidan wayar Amurka ya buga hotonsa a kan sarki a 1987.

Ga kamanninsa. Faɗinsa daga wannan fiffike zuwa wancan inci 3 zuwa 4 da rabi ne, wani ya fi haka. Launinsa kore ne mai haske kamar sabon tohon ganye. Gefen gaba na fukafukan yana da layi ja mai duhu. Kowane fiffike da ɗigo guda mai kama da ido, ko kuwa jinjirin wata. Fukafukan baya sun zarce sun zama wutsiya biyu dogaye masu ɗan murɗewa a ƙarshe. Jikinsa fari ne da gashi kamar auduga. Ƙahonin namiji faffaɗa ne kamar ganyen dabino, na mace sun fi sirantaka. Da waɗannan ƙahoni namiji yake jin ƙanshin mace daga nesa cikin duhu.

Abin mamaki shi ne Luna ba shi da bakin cin abinci. Duk abin da zai ci a duniya ya riga ya ci tun yana tsutsa. Kwanakinsa da fukafukai kamar mako guda ne kawai, aikinsa kuma ɗaya: ya sami mace, ita kuma ta zuba ƙwai 200 zuwa 400 a ganyen itatuwan dajinsu, sa'an nan su mutu. Ɗaya daga cikin itatuwan nan dangin kanya ce tamu. Ba ya cizo, ba ya harbi, ba shi da dafi.

Wutsiyar fa, ta mece ce? An daɗe ana zaton ado ne. A 2015 waɗansu masana a Amurka, Jesse Barber da Akito Kawahara da abokan aikinsu, suka gwada shi da jemagu masu cin ƙwari. Jemage ba da ido yake farauta ba, kuka yake yi ya saurari amsa-kuwwa. Da Luna yana tashi wutsiyoyin nan suna juyawa, sai su ruɗe jemage. Fiye da rabin lokaci jemage yakan kai cafka ga wutsiya, ya bar jiki. Mai wutsiya ya tsira da guntuwar wutsiya, waɗanda aka yanke musu tasu kuwa suka fi shan kamu. Kun san yadda ƙadangare yake sakar wa yaro wutsiya ya gudu. To, dabarar ke nan.

Luna yana da dangi kore masu wutsiya a Afirka. Akwai wanda ke gabashi da kudancin Afirka, tsutsarsa tana cin ganyen danya. Jakar da take saƙawa fara ce kamar azurfa, da 'yan ƙofofi, mutanen kudancin Afirka sukan zuba tsakuwa ciki su ɗaura a ƙafa don rawa. Akwai kuma na tsibirin Madagaska, rawaya, wanda wutsiyarsa kaɗai takan kai inci 6. Amma a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, kada ku sa rai da ganin waɗannan a bakin fitila.

Waɗanda ke tare da mu

Muna da namu manya, dangin Luna ne na jini, sai dai ba kore ba ne, ba su kuwa da doguwar wutsiya. Su ma ba su cin kome bayan sun yi fukafukai. Hanya mafi sauƙi ta sanin su ita ce ta itacen da tsutsarsu ke ci.

Na magarya shi ne mafi kyaun gani a cikinsu. Masana suna ce masa Epiphora, ana samunsa tun daga Sanagal har Sudan, duk inda magarya take. Faɗinsa inci 4 zuwa 5. Launinsa ja-ja ne mai duhu gauraye da fari, kowane fiffike kuma da babbar taga kamar madubi, in ka ɗaga shi ga fitila za ka ga haske ta ciki. A ƙarshen fiffiken gaba akwai ɗan baƙin ɗigo kamar idon maciji. Da rani, sa'ad da ganyen magarya ya ragu, ku duba rassanta. Za ku ga wata jaka mai tauri, toka-toka, kamar girman ƙwan zabuwa amma ta fi tsawo, tana rataye da igiyarta. A ciki yake kwance yana jiran ruwa. Siliki ne jakar nan, har Faransawa sun taɓa gwada kiwonsa a Sanagal don zare, abin bai yi nisa ba.

Akwai wani da ya fi shi girma, inci 5 zuwa 6, mai launin ƙasa. Tagarsa ɗaya ce a kowane fiffiken gaba, a na baya kuma akwai babban ido ruwan goro, kewaye da baƙi da fari. In ya sauka yakan ɓoye idanun nan. Ka taɓa shi, sai ya buɗe su farat ɗaya, kaza ko tsuntsu ya ja da baya yana zaton mujiya ce. Tsoratarwa ce kawai, ba abin da ke bayanta. Sunansa wurin masana Bunaea. Tsutsarsa ƙatuwa ce, kaurin babban yatsa, baƙa wuluk da fararen ƙayoyi da jajayen ɗigo a gefe. Ana ganinta a maɗaci da aduwa da waɗansu itatuwa. In ta ƙoshi takan sauko ta shiga ƙasa. Sau da yawa ba za ka gan ta a sama ba, sai kashinta ka gani a gindin itace, baƙaƙen ƙwayoyi kamar na akuya ƙanana.

Sai na kaɗanya, wanda ya kamata mu daɗe a kansa, domin shi ne ya fi sa mutane ɗauko famfon feshi. Shi ba shi da ado. Launinsa kamar busasshiyar ciyawa, da ɗan ido ƙarami a fiffiken baya, faɗinsa inci 3 zuwa 4. Da farkon damina yake fitowa daga ƙasa a gindin kaɗanya, sau ɗaya tak a shekara. Mace takan tara ƙwanta dunƙule guda a jikin ƙaramin reshe. Tsutsotsin baƙaƙe ne da zanen rawaya, suna ci tare da yawa, cikin 'yan makonni sai ka ga kaɗanya ta zama tsirara kamar an yi mata aski. Mai itace ya gani hankalinsa ya tashi.

Amma ku lura da lokacin. Sa'ad da tsutsar take cin ganye, wajen Yuli da Agusta, yawancin 'ya'yan kaɗanya sun riga sun nuna, mata suna tsinta. Itacen kuma yakan sake toho. Binciken da aka yi a gonakin Burkina Faso bai ga raguwar 'ya'yan kaɗanya ba saboda wannan aski, masarar da ke ƙarƙashin itacen ma ta fi jin daɗi. Dalili a fili yake: inuwa ta ragu a daidai lokacin da shuka ke son rana, kashin tsutsa kuma taki ne da ya zubo kyauta.

Ban da haka tsutsar nan abinci ce, kuɗi ce kuma. Nufawa suna ce mata manimani. Tibi da Gwari da Yarabawa suna cinta. A birnin Bobo Julaso na Burkina Faso sunanta shitumu, ana soya ta, ana busar da ita, ana auna ta a kasuwa kamar yadda muke auna fara. In ta bushe, fiye da rabin nauyinta abincin gina jiki ne irin na nama da kifi. Ba a ce kowa sai ya ci ba. Wanda cikinsa bai karɓa ba, kajinsa za su karɓa. Abin da ake cewa shi ne, wanda ya fesa wa kaɗanya guba ya yi hasara uku: kuɗin maganin, da tsutsar da wani zai saya, ga kuma guba a inda mata da yara ke tsintar 'ya'ya.

Gargaɗi guda a nan. Kada kowa ya ci tsutsar da bai sani ba don ya ji ana cin ta kaɗanya. A ƙasar Ijesha ta kudu maso yamma akwai wata da ake ci da damina, likitoci sun gano ita ce ke kawo wa mutane rawar jiki da tangaɗi, musamman waɗanda abincinsu rogo ne zalla. Waccan kuwa dangin tsutsar tsamiya ce, watau masu taruwa da yawa su saƙa gida guda, wanda kakanninmu suke dafawa su kaɗa zaren tsamiya na aikin babbar riga. Akwai tsamiyar tsamiya, akwai tsamiyar doka, kowacce da sunan itacenta. Gashin waɗannan yana sa ƙaiƙayi, kada yara su yi wasa da gidansu.

In kuka ga babban kore fa?

Yana yiwuwa, gama muna da kore. Amma ku dubi siffarsa. Jikinsa kamar sigari ne, mai kauri da tsini a baya. Fukafukansa sirara, sun koma baya kamar na jirgin yaƙi, zanensu kore da fari-fari kamar kakin soja. Ba wutsiya. Wannan wani gida ne dabam, gidan masu saurin tashi. Su suna da baki, dogon bututu ne da suke naɗewa, da shi suke shan ruwan fure da magariba suna tsaye a iska. Ta haka suke kai garin fure daga wannan zuwa wancan, kamar yadda ƙudan zuma ke yi da rana. Tsutsarsu ana gane ta da ƙaho guda a wajen wutsiya. Wata irinta takan ci ganyen dankali, in ta yi yawa a tsince ta da hannu da sassafe a ba kaji.

A gidan nan ne akwai wanda masu amya ya kamata su sani. Baƙi-baƙi ne, da rawaya a fukafukan baya, a gadon bayansa kuma da zane kamar ƙoƙon kan mutum. In ka kama shi yakan yi ƙara kamar ɓera. Saboda haka mutane da yawa, har a Turai, suna ɗaukarsa mugun abu. Ba kome ba ne illa ɓarawon zuma. Yakan shiga amya da dare ya sha. Maganinsa a ƙuntata ƙofar amya yadda ƙudan zuma kaɗai za su iya wucewa.

Domin kada a ce mun wanke manya duka, akwai guda da ke ɓarna da bakinsa. Matsakaici ne, fukafukan gaba kamar busasshen ganye, na baya ruwan lemo da baƙin zane. Bakinsa yana da tsini, yakan huda lemo da mangwaro da gwaiba da dare ya tsotse, wurin ya ruɓe, 'ya'yan su zube. Masu lambu a fadamun Gulbin Zamfara da Gulbin Ka su duba da tocila, idanunsa suna ƙyalli ja. Feshi ba ya yi masa kome sosai, gama zuwa yake yi daga daji ya koma. A riƙa tsinke 'ya'ya da zarar sun nuna, a kwashe waɗanda suka faɗi a binne.

Masu ɓarnar gaskiya

Yanzu mu koma ga bangon nan na bakin fitila. Ku bar ƙaton, ku dubi ƙananan da ke kewaye da shi, masu launin toka da ƙasa, waɗanda kwalin ashana zai rufe su. Yawancinsu su ma ba ruwansu da gona. Amma abokan gāban hatsinmu a cikinsu suke.

Babbansu ita ce uwar tsutsar masara. Daga Amurka ta zo, ƙasarsu ɗaya da Luna. Mai kyaun ya zauna gida, mai ɓarnar ce ta ƙetaro teku. A farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya, masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan suna cikin waɗanda suka tabbatar da ita. Cikin shekara biyu ta game kusan dukan Afirka kudu da Sahara. Faɗinta inci 1 da rabi ne kawai. Fukafukan gaba toka-toka da ɗigo-ɗigo, na baya farare da bakin duhu. Mace takan zuba ƙwai 100 zuwa 200 wuri guda a jikin ganyen masara, ta rufe da gashin jikinta, ta sake wani wurin, har ta kai dubu ko fiye. Da zafi irin namu, daga ƙwai zuwa sabuwar uwa kamar wata guda ne, don haka damina ɗaya takan ga zuriya bayan zuriya.

Gane uwar a bango da wuya, gama masu kama da ita suna da yawa. A gona ake gane ta. Ku leƙa cikin zuciyar masara, inda sabon ganye ke fitowa. In kun ga ganye ya yi huji-huji, da kashi kamar dusar katako, ku zaƙulo tsutsar. A goshinta akwai farin zane mai reshe biyu kamar gwafa a kife, kusa da wutsiya kuma baƙaƙen ɗigo huɗu a jere kamar kusurwoyin ɗaki. Tun masara tana da sati biyu a fara zagayawa, sau biyu a mako. A tsaya wuri biyar dabam dabam a gona, a duba tushe goma a kowane wuri. Ƙwan da aka gani a murje shi da yatsa. A ƙaramar gona, toka ko yashi da aka zuba cikin zuciyar masara yana taimakawa, haka ma ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa. In abin ya fi ƙarfin haka, a nemi malamin gona ya faɗi maganin da ya dace, a yi feshin da yamma ko da sassafe, a kuma sa bakin famfo cikin zuciyar, domin a can take ɓuya.

Akwai tsofaffin abokan gāba kuma da muka gada. Mai huda karan dawa da mai huda karan gero, dukansu 'ya'yan ƙananan na dare ne. Tsutsarsu takan kwana cikin busasshen kara dukan rani. Watau darnin da muka kewaye gida da shi, da karan da muka jingine don rufi, nan ne masaukinsu, da ruwan fari kuma sai su fito su nufi sabuwar shuka. Masanan Samaru ta Zariya sun daɗe da nuna cewa in aka babbaka kara sama-sama bayan girbi, yadda ganyen zai ƙone karan ya tsira, yawancin tsutsar takan mutu, karan kuma yana nan da amfaninsa. Shimfiɗa kara a rana maimakon tsayar da shi a inuwa shi ma yana rage su.

Sai mai cin zangarniyar gero, wadda manoman Nijar ke kira murzuna. Takan bi zangarniya tana kewayawa kamar an naɗa zare. Bayan farin 1972 zuwa 1974 ne ta zama annoba a ƙasashen Sahel. A wajen Maraɗi masana suna kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke kashe ta, suna raba wa ƙauyuka cikin 'yan buhuna a rataye a gona. Irin wannan zanzaro yana nan a gonakinmu ma, ba mu ganinsa ne don ƙanƙanta. Duk feshin da aka yi ba dalili, shi yake fara kashewa. Ga dalili na huɗu ke nan da zai hana mu ɓarnar magani.

Na cikin rumbu shi ne ƙaramin duka, bai wuce rabin inci ba, launin ƙaiƙayi. In ka buɗe rumbu ko buhu ka ga ƙananan abubuwa sun tashi fir, tsutsarsu tana cikin ƙwayar hatsi tana ci. A share rumbu kafin a zuba sabon hatsi, kada a haɗa sabo da tsoho, a busar sosai. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda ba ya shan iska, yana kashe su ba tare da magani ba, in dai an ɗaure bakinsa da kyau, ba huji.

Aikin da ƙungiya za ta iya yi

Ba sai an fita daji da dare ba, yadda zaman ƙasarmu yake yanzu ma ba wanda zai ba da wannan shawara. A tsakar gida za a yi. A rataya farin zane a igiya, a sa fitila a gabansa, daga bayan magariba zuwa lokacin kwanciya. Daren da ba farin wata, bayan an yi ruwa, ya fi kawo su. Yara 'yan makaranta sun fi kowa iya wannan aiki, suna kuwa jin daɗinsa.

Wanda ya sauka, a aza kwalin ashana kusa da shi don a san girmansa, a ɗauki hoto in akwai waya. A dubi ƙahoninsa, da yadda ya ajiye fukafukai, ko yana da taga, ko ido, ko wutsiya. A tambayi kai wane itace ne kusa da gidan. Magatakardan ƙungiya ya ware shafi a littafinsa, ya rubuta rana da wata da abin da aka gani. Bayan damina biyu ko uku za ku ga kowane iri da lokacinsa. In ƙananan masu launin toka suka yi yawa farat ɗaya, gobe da safe kowa ya leƙa masararsa. In ƙaton ne, a bar yara su kalle shi.

Garin da ke manne wa yatsa in an taɓa fiffike ba guba ba ne, 'yan ɓawo ne ƙanana da ke ba shi launi. A wanke hannu dai kafin a taɓa ido ko abinci, kamar kowace ƙura. Amma gara kada a kama shi ta fiffike, gama in ya yage ba ya gyaruwa. A sa yatsa a gaban ƙafafunsa, zai hau da kansa. A kai shi jikin itace inda kaji ba za su kai ba, sa'an nan a kashe fitilar waje. Mako guda ne kawai gare shi, daren da ya ɓata yana bugun fitila kuwa bai sami mace ba.